Garin Akokan

Akokan ƙaramin gari ne cikin jihar Agadas, dab da Arlit, yamma da duwatsun Abzin. A da, ba kowa a wurin sai Buzaye makiyaya da raƙumansu. Ruwan sama bai cika sauka can ba, gero ba ya yi.

To, me ya kawo gari cikin wannan hamada? Uraniyom ne, wani ƙarfe da ake samun wutar lantarki da shi. A 1974 aka kafa kamfanin Kominak. A 1978 aka fara haƙo ƙarfen a Akuta, cikin rami mai zurfin mita 250. Aka gina wa ma'aikata gidaje da makarantu da asibiti. Mutane suka yi ta zuwa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram.

A 2021 ƙarfen ya ƙare, aka rufe ramin. Ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Aka bar garin da tudun dattin uraniyom, wanda ƙurarsa ke cutar da mutum. Shi ya sa aka shiga rufe tudun da yumɓu da duwatsu.

Tambayoyi
1. Ina Akokan yake?
2. Don me ake rufe tudun datti?