Ranar da Hotunan Baba Suka Hau Bango

A ƙasan akwatin ƙarfen da mahaifina ya bari, ƙarƙashin rigunan sallarsa, na tarar da wata baƙar kyamara mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ƙirar Yashica-Mat ce ta ƙasar Japan, irin wadda aka fara ƙerawa a 1957. Kusa da ita ga ambulan maƙil da dodon hoto. Baba ya daɗe yana ɗaukar hoto a Fagge, bikin aure ne, suna ne, hawan sallah ne, har zuwa lokacin da idonsa ya yi rauni. Wata uku na yi ina ɗaga dodannin nan a hasken taga, na rasa yadda zan yi da su.

Wani abokina mai zanen fenti ne ya ja ni taron ƙungiyarsu. Akwai masu zane, da mai sassaƙa, da mai zayyana, da wata baiwar Allah mai rini. Duk shekara sukan yi karo-karo su kama zaure su baje kolin aikinsu. Shugabansu, wani dattijo da ya koyar da zane har ya yi ritaya, ya jujjuya kyamarar ya ce, "Ɗana, tana aiki kuwa?"

Na ce, "Ban gwada ba, Malam."

Ya ce, "To je ka gwada. Mun ba ka bango guda, rabi na mahaifinka, rabi naka."

Wanda ya saba da waya zai sha mamakin wannan kyamara. Ba ta cin batir. A ƙirji ake rataye ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya ana kallon wani gilashi. Idon sama shi ke nuna maka abin da za ka ɗauka, na ƙasa shi ke kai haske kan fim. A gilashin, dama kan koma hagu, saboda haka idan mutum ya gifta sai hannunka ya bi shi ta inda ba nan ba, har ka saba. Fim ɗinta, wanda ake kira 120, hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne santimita 6 a tsaye, 6 a kwance. Wanda ya san 12 ne rabonsa ba ya danna maɓalli da garaje. Na yi kusan rabin sa'a a bakin marinar Ƙofar Mata ina jiran wani marini ya ɗago zane daga rijiya, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, kafin na danna sau ɗaya.

Wankin fim shi ne inda Kano ta gwada ni. Sinadarin wanke fim baƙi da fari ya fi son zafin da bai wuce digiri 20 ba, ruwan randarmu kuwa a bazara ya zarce haka nesa. Naɗin farko ya fito da dishi-dishi, sai na koma sayen ƙanƙara ina sanyaya kwalaben a bokiti. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya ta manne wa jiƙaƙƙen fim, sai ta zama farin tabo a goshin mutum. A banɗaki nake shanya shi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa.

'Yan ƙungiyar ne suka koya mini rataya. Daga hoto sama da ɗari suka sa na zaɓi 16, domin bango idan ya cika, ido ba ya tsayawa a kan komai. Kafintan unguwa ya yi mana firam iri ɗaya. Muka sa farin kwali mai kauri a gefe don kada hoto ya manne wa gilashi, muka rataye su daidai tsayin ido, nesa da tagar da rana ke shigowa. A ƙarƙashin kowanne muka rubuta wuri da shekara da sunan wanda ya ɗauka. Mai rini ce ta dage cewa duk hoton matar aure da muka gane gidansu, sai an nemi izini. Gida biyu suka ce a'a, muka cire nasu ba tare da jayayya ba.

Rana ta biyu ta baje kolin, bayan la'asar, wata tsohuwa ta shigo riƙe da hannun jikanta. Ta tsaya gaban hoton wani tela a bakin kekensa, awo rataye a wuyansa. A maimakon sunan telan mun rubuta "Tela, Fagge" kawai. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Yaro, wa ya ɗauki wannan?"

"Mahaifina ne, Hajiya."

"Allah ya jiƙansa. Wannan maigidana ne. Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi."

Ta juya ga jikan ta ce, "Ga kakanka, mai sunanka." Nan take Malam ya miƙo mini alƙalami, na cire takardar na rubuta cikakken sunan telan.

Daren nan na yi ta tunanin Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948. A 1991 an rataye hotunansa a birnin Niyok ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu har Mali aka gano shi. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis a 2007. A Yamai ma akwai Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar matasan birnin bayan samun 'yancin kai. Dukansu masu hoton gari ne kamar Baba. Abin da ke damuna shi ne, idan muka jira baƙo ya zo ya buɗe akwatunan iyayenmu, zai ga kyan hoto, amma ba zai san telan ba. Sunan nan a bakin tsofaffin unguwa yake, su kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka duk mai dodon hoto a gida, kada ya bar shi cikin zafi da laima. Ya sa shi a ambulan na takarda, ya riƙa kama shi ta gefe, ya nemi masu zanen garinsu ya roƙi ko da rabin bango ne. Da muka tashi baje kolin, hoto 13 na kwashe zuwa gida. Na telan yana ɗakin Hajiya.