Gyaɗar tamowa: daga Maraɗi zuwa Birnin Kudu

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a Jamhuriyar Nijar, fara kuma ta bi ta lashe abin da fari ya rage a wasu gonakin. Kafin tsakiyar 2005 rumbuna sun yi wayam. Gero bai ɓace daga kasuwar Maraɗi ba, yana nan jibge a buhuna, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Sai yara suka fara zubewa. Iyaye mata suka riƙa tururuwa zuwa cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF da goyo a baya, wasu yaran sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, wasu ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja.

A wancan zamani hanya ɗaya likitoci suka amince da ita: a kwantar da yaro a asibiti, a riƙa ba shi wata madara ta musamman da ake kira F-100. Madarar tana aiki, amma sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma in ta ɗan jima a zafin ƙasarmu sai ta lalace. Uwa kan shafe kusan wata guda a gefen gado, ta bar gona a tsakiyar damina, ta bar sauran 'ya'ya a hannun kishiya ko kaka. Da yawa kan sulale su koma gida kafin yaro ya warke, kuma ban ga laifinsu ba. Ko da ma sun zauna, ina gadon da zai ɗauki dubban yara lokaci guda?

Mafitar ta fito ne daga hannun wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, wanda ya daɗe yana neman yadda zai raba F-100 da ruwa. An ce wata safiya idonsa ya faɗa kan kwalbar Nutella, abin da Turawa ke shafa wa burodi, sai ya lura cewa abin da aka haɗa da mai yana daɗewa bai ɓaci ba, domin ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu ruwa. Ya haɗa kai da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset da ke arewacin Faransa. A 1996 suka fito da Plumpy'Nut: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, sukari da mai, sai bitamin da ma'adinai. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, tana iya kai shekara biyu ba tare da firji ba. Ba a dafawa, ba a damawa.

Wanda ya gan ta zai ce ai tunkuza ce da ba a matse manta ba. Nan ne mutane ke kuskure. Tamowa ta wuce ciki ya rasa tuwo. Jikin yaron ya ƙarar da zinki, da fotasiyam, da magniziyam, abubuwan da sai da su tsoka ke ginuwa, shi ya sa za ka ga yaro yana mutuwa da yunwa amma yana kawar da kai daga cokali. Ya ƙarar da bitamin A, mai tsare ido da garkuwar jiki, har ƙyanda ko gudawa kaɗan ta kayar da shi. Jini ya yi ƙasa saboda rashin sinadarin ƙarfe. Gyaɗa da mai ƙarfi suke bayarwa, amma waɗannan sinadarai da aka auna daidai gwargwado su ne ke dawo wa yaro da sha'awar ci. Ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa, duk amfaninsu, ba za su yi wannan aikin ga yaron da ya riga ya kwanta ba.

Amfanin ledar shi ne ana iya jinyar yaro da ita a gida, amma manyan likitoci ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. A ganinsu ganganci ne a sallami yaron da ke bakin mutuwa a ce uwarsa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita za ta yi jinyarsa a ɗakinta. Wani likita, Steve Collins, ya gwada a Habasha a 2000, wani kuma, Mark Manary, ya gwada a Malawi, sakamako ya yi kyau, amma ba a taɓa gwadawa a kan taro mai yawa irin na Maraɗi ba.

A Maraɗi a 2005, MSF ba ta da zaɓi. Ta ware gadaje ga yaran da ba sa iya ci ko masu wata cuta mai tsanani. Sauran kuwa, a auna su, a ba su magani, a damƙa wa uwa ledojin mako guda, a ce ta dawo rana kaza. Matan suka riƙa dawowa, wasu da ƙafa daga ƙauyuka masu nisa. A shekarar ƙungiyar ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a yankin Maraɗi, kuma a can fiye da 90 cikin 100 sun warke, akasarinsu a kan tabarmar iyayensu. Ba a taɓa ganin irin haka a tarihin yaƙi da yunwa ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance. Abin da duniya ke bi yau, matan Hausawan Maraɗi ne suka tabbatar da shi da hannunsu.

Najeriya ta fara a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, sannan abin ya bazu. Birnin Kudu na cikin ƙananan hukumomin Jigawa da suka shiga shirin WINNN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2011. Buƙatar a fili take: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Wannan a ƙasar da ake noma gyaɗa da wake da riɗi, zogale kuma na tsaye a bayan gida.

Yau matan ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram sun san wannan leda. Ma'aikaciyar lafiya za ta naɗa wani siririn ma'auni mai kala uku a damtsen yaro. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Za ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa na ɗan lokaci, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne. Sai a wanke hannu, a yage kusurwar leda, uwa ta matso kaɗan a bakin yaro ana kallo. In ya lasa ya sake buɗe baki, gida za a koma. Cikin mako shida zuwa takwas yaron da aka kawo ba ya iya zama sai ka gan shi yana rarrafe.

Abin da ke ci mini rai shi ne inda ledar ke ƙarewa wani lokaci. Ana raba ta da yayyen yaro saboda suna kuka, ana shafa ta a burodin maigida, ana ganinta a faranti a kasuwa alhali kyauta aka bayar. Na san talauci ne ke jawo wani abin, amma kowace leda lissafi ce da aka yi da nauyin yaro ɗaya, in aka rage masa sai jinya ta ja, ko ya koma gidan jiya. Ga shi kuma tun 2025 tallafin ƙasashen waje ya ja baya, duk da cewa yanzu ana sarrafa irin wannan abinci a Yamai da Kano.

Maigida, in aka ba ɗanka wannan gyaɗa, ka tsare ta kamar yadda za ka tsare allurar da likita ya rubuta masa, ka ba uwarsa kuɗin mota ranar awo. Gwamnatin Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomi kuma su sa kuɗinta a kasafi, su sake shi a kan kari, kada uwa ta taso daga ƙauye da yaro a baya a ce mata kaya sun ƙare.