Ƙananan ƙurajen bayan damtse ba ƙazanta ba ce

Mutane da yawa suna da wasu ƙananan ƙuraje a bayan damtse, ko a cinya, ko a ɗuwawu, yara kuma har a kumatu. Ba sa ruwa, ba sa zafi, sai dai in ka shafa wurin ka ji kaushi kamar fatar kazar da aka fige. Likitocin fata suna kiran wannan keratosis pilaris.

Sinadarin keratin, wanda da shi jiki ke gina gashi da farce da saman fata, shi ne ke taruwa ya toshe ƙofar da gashi ke fitowa. Kowace ƙofa da ta toshe sai ta kumburo ta zama ƙurji guda. Wani lokaci in ka duba da kyau, za ka hango siririn gashi a nannaɗe a ciki, ya rasa hanyar fita. Abin yakan bi jini, ya fi kama yara da matasa da masu busasshiyar fata, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Yakan tsananta da hunturu, ya lafa da damina. Da yawa kuma yakan ragu musu da kansa in sun doshi shekara 30.

Inda ake tafka kuskure shi ne a wajen wanka. Uwa ta ga ƙurajen a jikin 'yarta, ta ɗauka datti ne, ta sa soso mai kaushi da ruwan zafi ta yi ta dirza har wurin ya yi ja. Wannan ƙara busar da fatar yake yi. Haka matsa su da farce: a baƙar fata, kowane ƙurjin da aka matse yakan bar baƙin tabo da zai yi watanni bai goge ba. Daga nan sai a koma wa man bilicin don gyara tabon, wanda wasunsa ke sa fata ta yi siriri ta lalace. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ke taimakawa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake buƙata. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, kada a daɗe. Da an fito, tun jiki da sauran danshi, a shafa man kaɗanya ko basilin. Mayukan da ke ɗauke da urea ko lactic acid ko salicylic acid suna tausasa keratin ɗin da ya toshe ƙofofin, amma sai an yi makonni ana shafawa kafin a ga bambanci, kuma in an daina yakan dawo. Lallaɓa shi ake yi, ba a raba mutum da shi farat ɗaya.

Sai dai in ƙurajen suna ƙaiƙayi mai tsanani da daddare, ko suna fitar da mugunya, ko kuma wasu a gidan sun fara susa, to wannan wata matsala ce daban, wataƙila ƙazuwa. A je asibiti a duba, kada a tsaya gwajin mai.