Tsammani da Rashin Tabbas: Abin da Ke Motsa Farashin Hannun Jarin Jiragen Sama

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwannin Sabon Birni da Isa ya san cewa farashin wake ko gero ba ya jiran abu ya faru kafin ya motsa. Da zarar an ji raɗe-raɗin za a rufe kan iyakar Nijar, sai farashi ya sauya tun kafin a ga jami'i ko ɗaya ya gitta sanda a kan hanya. Dalili kuwa shi ne, ɗan kasuwa yana saye yana sayarwa ne bisa abin da yake tsammanin zai faru gobe. Wannan ɗabi'a ita ce ke tafiyar da kasuwar hannun jari a ko'ina cikin duniya, kuma ba inda ta fi fitowa fili kamar a hannun jarin kamfanonin jiragen sama lokacin da ƙasashe ke zaman doya da manja.

Mene ne Hannun Jari?

A ɗauka cewa mutum goma a Kurawa sun haɗa Naira miliyan ɗaya-ɗaya sun sayi motar ɗaukar kaya mai zirga-zirga tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Kowannensu ya mallaki kashi ɗaya cikin goma na motar da ribarta da kuma hasararta. Wannan kason shi ake kira hannun jari. Idan kowane kaso yana kawo Naira 200,000 a shekara, mai neman ribar kashi 20 cikin ɗari zai yarda ya saye shi a kan Naira 1,000,000.

To, sai a ɗauka an fara jita-jitar rufe kan iyaka, har aka soma tsammanin kason ba zai kawo fiye da Naira 120,000 ba. Mai saye ba zai biya fiye da Naira 600,000 ba. Idan kuma hanya ta yi hatsari, har ya ce ba zai sa kuɗinsa ba sai da ribar kashi 30 cikin ɗari, to, tayinsa zai sauko zuwa Naira 400,000. Motar tana nan lafiya lau, amma darajar kason ta faɗi da fiye da rabi. Abubuwa biyu ne suka kayar da ita: raguwar ribar da ake tsammani, da ƙaruwar ladan da mai kuɗi ke nema kafin ya yi kasada.

Haka lamarin yake a manyan kasuwanni, illa dai a can masu kason dubbai ne, kuma ta hannun dillalai ake ciniki. Kasuwar hannun jari ta Nijeriya an kafa ta a Legas a shekarar 1960, ta fara ciniki a 1961, daga baya ta buɗe rassa a Kaduna da Kano da wasu garuruwa.

Me Ya Sa Jiragen Sama Suka Fi Jin Jiki?

Da farko, yawancin kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa ba ya raguwa don fasinja sun ragu. Albashin matuƙa da kuɗin hayar jirgi da inshora da gyara duk suna nan, ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Kujerar da ta tashi ba kowa kuwa ta tafi ke nan, ba kamar buhun gero ba da za a mayar rumbu a jira kasuwa ta gaba.

Na biyu shi ne mai, wanda kan ci tsakanin rubu'i da sulusin kuɗin da kamfani ke kashewa. Alal misali, a ɗauka jirgi mai kujera 100 yana cin Naira 8,000,000 a tashi ɗaya, Naira 2,400,000 daga ciki kuɗin mai ne, tikiti kuma Naira 100,000. Fasinja 88 za su kawo Naira 8,800,000, wato ribar Naira 800,000. Idan farashin mai ya ƙaru da rabi, kuɗin tashin ya zama Naira 9,200,000, sai ribar nan ta koma hasarar Naira 400,000, alhali fasinja ko ɗaya bai ragu ba. Irin wannan ya faru a zahiri: a watan Mayun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ƙungiyar kamfanonin jiragen Nijeriya ta yi barazanar dakatar da aiki, tana kukan cewa litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700.

Na uku, kamfanin Nijeriya da Naira yake sayar da tikiti, amma da Dala yake biyan hayar jirgi da kayan gyara. Duk faɗuwar darajar Naira, irin wadda ta biyo bayan sakin canji a watan Yunin 2023, ƙarin nauyi ce a kansa.

Na huɗu, sararin samaniya ma yana da kan iyaka, kuma gwamnati kan rufe shi da sanarwa ɗaya.

Darasin Maƙwabta

Mutanen ƙasar Gobir sun ga wannan a bakin ƙofarsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe kan iyaka, fatauci tsakanin Sabon Birni da Maraɗi ya gamu da cikas, har zuwa watan Maris na 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A ranar 6 ga Agusta, 2023 kuma sojojin Nijar suka rufe sararin samaniyar ƙasar, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. Da ma jirage na kauce wa Libiya da Sudan saboda yaƙi, don haka masu tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sai da suka yi zagaye na kilomita 1,000 ko fiye. Shawarar da ta tsayar da motar ɗan Kurawa, irinta ce ta ƙara wa kamfanonin Landan da Faris kuɗin mai.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a ranar 2 ga Agusta, 1990, farashin gangar mai ya ninka cikin 'yan watanni, matafiya kuma suka ja baya. Kamfanin Pan Am na Amurka, wanda da ma bashi ya yi wa katutu, ya rufe a Disambar 1991. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ranar da kasuwar New York ta sake buɗewa, wato 17 ga wata, hannun jarin kamfanonin American da United ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin ɗari a yini ɗaya. Kamfanin United ya shiga hannun kotun fatarar kuɗi a Disambar 2002, ya fito a 2006 jiragensa na tashi, amma an soke tsofaffin hannayen jarin. Abin lura a nan shi ne, kamfani kan tsira alhali masu jarinsa sun tashi a tutar babu, domin masu bin bashi ake fara biya.

A 2020 annobar korona ta rage yawan fasinjan duniya da kimanin kashi 60 cikin ɗari, aikin Hajji ma aka taƙaita shi ga mazauna Saudiyya kaɗan. A 2022 kuma rufe sararin Rasha ya tsawaita tafiyar kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokiyo daga kimanin awa 9 zuwa kimanin 13.

A gida Nijeriya, kamfanonin Arewa irin su Kabo Air da Max Air na masu su ne, ba a kai su kasuwar hannun jari ba. Waɗanda aka kai ba su da yawa. Akwai ADC, wanda jirginsa mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kamfanin bai sake farfaɗowa ba. Akwai kuma Med-View, mai jigilar alhazai, wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2017, amma bayan 'yan shekaru ya daina jigilar fasinja.

Kasada da Rashin Tabbas

A shekarar 1921 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Frank Knight, ya bambanta abubuwa biyu. Akwai kasadar da ake iya aunawa, kamar yawan motocin da kan yi hatsari a shekara, wadda kamfanin inshora ke lissafawa ya yanka mata kuɗi. Akwai kuma rashin tabbas, wanda ba shi da ma'auni, kamar ranar da yaƙi zai ƙare ko ranar da za a buɗe kan iyaka. Rikicin ƙasashe yana cikin kashi na biyu. Shi ya sa tsammanin masu jari kan rabu: wani ya ce farashi ya faɗi, lokacin saye ya yi, wani kuma ya ce somin-taɓi ne. Da kansu bai rabu ba, da ba a yi ciniki ba, domin duk mai sayarwa sai da mai saye.

Kuskuren da ƙaramin mai jari ya fi yi shi ne ya ɗauka abin da ya faɗi dole ya koma inda yake. Wani lokaci yakan koma, kamar yadda harkar jiragen duniya ta dawo cin riba a 2023. Wani lokaci kuma, kamar na Pan Am, ba ya komawa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kammalawa

Malamin makaranta ko ɗan fansho da ke son sa kuɗinsa a irin wannan kamfani ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu a rahoton kamfanin na shekara. Bashin nawa ake binsa, kuma da wane kuɗi zai biya? Wata nawa zai iya riƙe kansa idan jiragensa suka tsaya? Hanyoyinsa suna da yawa, ko kuwa ya dogara ne ga ƙasa ɗaya ko ga jigilar alhazai kawai? Shin farashin yau ya riga ya ƙunshi mummunan labarin da kowa ya ji? Bayan wannan, kada ya sa kuɗin abinci ko na makarantar yara, kada ya ci bashi don ya saya, kada kuma ya tara dukan abin da ya mallaka a kamfani ɗaya. Ya tabbatar dillalin da zai bi ta hannunsa yana da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta ƙasa, wato SEC.