Da tsohuwar zuma ake magani: Yadda makaɗan WITCH suka dawo fage bayan shekaru 39

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya san cewa tashi bayan faɗuwa sai mai rabo. Labarin ƙungiyar makaɗan WITCH ta ƙasar Zambiya irin wannan ne, kuma akwai darasi a cikinsa ga 'yan kasuwarmu na Gure da Damagaram, musamman masu tsofaffin kasakasai a ajiye.

An kafa ƙungiyar ne a farkon shekarun 1970 a garin Kitwe, yankin da ake haƙar tagulla. A lokacin kuɗi na yawo, ma'aikatan ma'adinai na karɓar albashi, gidajen rawa kuma na cika maƙil. Samarin suka ɗauki jita mai amfani da lantarki, suka gauraya kiɗan Turawa mai ƙara da na gargajiyarsu, aka sa wa salon suna Zamrock. Jagoransu Emmanuel Chanda ya samu laƙabin Jagari ne daga sunan mawaƙin Ingila Mick Jagger, saboda tsalle-tsallen da yake yi a dandali. Faifansu mai suna Lazy Bones!! na 1975 shi ne ya fi yin tashe. Shugaba Kenneth Kaunda ma ya ƙara musu kasuwa da ya ba da umurnin cewa kashi 95 cikin ɗari na waƙoƙin da gidan rediyo ke sakawa su zama na gida.

Sai dai kasuwa ba ta da tabbas. Farashin tagulla ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970, kamar yadda na yuraniyom ya yi mana a farkon shekarun 1980. Aljihu ya bushe, gwamnati ta kafa dokar hana fitar dare, masu zuwa kallo suka ragu. Jagari ya bar ƙungiyar ya koma aikin koyarwa, daga baya ya shiga haƙar duwatsu masu daraja don ciyar da iyali. Sauran suka juya zuwa kiɗan disko, kafin tafiyar ta watse a tsakiyar shekarun 1980. Cutar ƙanjamau ta yi ta'adi ƙwarai a cikin makaɗan Zambiya na wancan zamani, kuma a cikin waɗanda aka fara tafiyar da su Jagari kaɗai ya rage a raye.

Tsofaffin faya-fayan ne suka ceto sunansu. A 2012 kamfanin Now-Again na Amurka ya tattara waƙoƙinsu ya sake bugawa, matasan Turai da ba a ma haife su ba a wancan lokaci suka yi ta saye. A 2017 Jagari ya zagaya Turai da sabon zubin ƙungiyar, wanda ya haɗa da matasan makaɗa 'yan Holan. Tsohon mai kiɗa musu fiyano, Patrick Mwondela, shi ma ya dawo cikin tafiyar. A 2019 aka fitar da fim a kan tarihinsu, sannan a 2023 suka saki sabon faifai, na farko cikin shekaru 39. Sunansa Zango, wato wurin haɗuwa a wajensu, kalmar da duk Bahaushe matafiyi zai ji ta tamkar tasa.

Mu ma nan gida an ga irin haka. Kaset ɗin da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai wajen ƙarshen shekarun 1970 ya daɗe a kwance, har sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, dattijon ya samu gayyata zuwa Turai. Kamfanin ya kuma fitar da tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa.

Don haka 'yan uwa, wanda ke da kwalin kasakasai a shago, ko wadda ta gaji na maigidanta, kada a bar wa zafi da ƙura da gara. A ajiye su a inuwa, a sa a juye su a kwamfuta. Idan baƙo ya zo taya, a tuna cewa kaset ɗin ne naka, waƙar kuwa ta mawaƙin ce da magadansa. A neme su, a yi yarjejeniya a rubuce, a kuma tuntuɓi hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta BNDA kafin a sallama. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.