Bayan An Sallami Mara Lafiya: Aikin Likitan Gashi da Aikin Mai Koyar da Ayyukan Yau da Kullum



Akwai tambayar da iyalai suke yawan yi mana idan muka ziyarci ikilisiyoyin ƙauye, musamman iyalan masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka yi haɗarin babur, da iyayen yara masu naƙasa. Sukan ce an ba su takarda su je wurin gashi, sai kuma suka ji akwai wani ma'aikaci dabam mai koya wa mutum cin abinci da sa tufafi. Ashe ba aiki ɗaya ba ne? Da yake kuɗin mota wuya gare shi, ya kamata kowane gida ya san bambancin, domin kada a yi tafiyar banza, kada kuma a bar jinya a tsakiyar hanya.

Sana'o'i biyu ne

Na farko shi ne likitan gashi, wanda ake kira fisiyo. Sunan gashi yakan sa mutane su zaci aikinsa ɗumama jiki ne da tausa kawai. Ainihin aikinsa motsin jiki ne. Yana duba ƙarfin tsoka, da lanƙwasuwar gaɓoɓi, da yadda mutum yake zama da tsayuwa da tafiya, sa'an nan ya tsara masa atisayen da zai maido abin da ya raunana.

Na biyu ba shi da sanannen suna a Hausa. Ma'aikatan asibiti suna ce masa O.T. a taƙaice, mu kuwa za mu kira shi mai koyar da ayyukan yau da kullum. Wasu suna zaton mai nema wa mutane aikin albashi ne, amma ba haka ba ne. Aiki a wurinsa shi ne duk abin da mutum yake yi daga safe har dare: wanka, zagayawa bayan gida, sa riga, ɗaura zane, cin tuwo, riƙe fartanya, zuwa sujada.

Sana'o'in biyu sun bunƙasa ne lokacin Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, sa'ad da sojoji masu yawa suka koma gida da raunuka. An kafa ƙungiyar likitocin gashi ta duniya a 1951, ta masu koyar da ayyukan yau da kullum kuma a 1952. A Nijeriya aikin gashi ya fara a asibitin ƙashi na Igbobi, Legas, a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966. A 1988 gwamnati ta yi dokar kafa hukuma guda mai yi wa duka biyun rajista, amma kowanne da karatunsa dabam.

Yadda suke raba aiki

Mu ɗauki misalin magidancin da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Likitan gashi zai koya masa juyawa a kan gado, da zama ba tare da an riƙe shi ba, da miƙewa, da ɗora nauyi a kan ƙafar da ta raunana. Zai nuna masa ya riƙe sanda a hannun mai lafiya. Zai kuma nuna wa masu jinya yadda za su riƙa motsa gaɓoɓin kowace rana don kada su ƙage.

To, ga shi ya fara takawa, amma har yanzu sai an sa masa riga, an ba shi abinci a baki. Nan ne mai koyar da ayyukan yau da kullum yake shigowa. Zai koya masa ya fara sa hannun da ya shanye cikin riga, wajen tuɓewa kuma shi ne na ƙarshe. Zai naɗa tsumma ko robar keke a mariƙin cokali ya yi kauri, ya yi daɗin riƙewa. Idan hannun dama bai dawo ba, zai horar da hagu, ya kuma fahimtar da mutanen gida cewa cin abinci da hagu a wannan hali ba rashin ladabi ba ne. Zai tambayi yadda masai yake, domin wanda ba ya iya tsugunawa yana bukatar kujera mai rami da abin dafawa. Yana duba tunani ma. Wasu masu shanyewar ɓarin hagu sukan daina lura da duk abin da yake hagunsu, har su ci rabin abincin da yake cikin kwano su bar rabi. Ba taurin kai ba ne, lahanin ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai horonsa.

Haka yake ga kuturta. Maganin da ake bayarwa kyauta yana kashe cutar cikin wata 6 ko 12, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba lalle ta dawo ba. Likitan gashi yana lura da yatsu don kada su lanƙwashe. Ɗayan kuma yana gyara mariƙin tukunya da ƙotar fartanya, don hannun da ba ya jin zafi kada ya ƙone ko ya yi gyambo.

Inda suke haɗuwa

Akwai wuraren da aikinsu yake shiga juna, musamman a kan hannu, da abin tallafin da ake ɗaurawa bayan ƙuna, da zaɓen keken guragu. Idan kuka ga su biyun suna motsa hannu ɗaya, kada ku ce ana maimaita aiki. Ɗaya yana neman hannun ya yi ƙarfi, ɗayan yana neman hannun ya kai loma baki.

Masu koyar da ayyukan yau da kullum kaɗan ne ƙwarai a ƙasarmu. An fi samunsu a asibitocin koyarwa, da na ƙashi, da na masu taɓin hankali. Saboda haka a wurare da yawa likitan gashi ne yake taimakawa da wani ɓangare na wannan aiki. Ma'aikacin kirki yakan yi iyakar abin da ya sani, ya tura mara lafiya gaba a kan sauran. Canza maganin hawan jini aikin likitan da ya rubuta shi ne. Wahalar magana da ta haɗiya suna da nasu ma'aikacin, haka ma ƙera ƙafar roba.

Mu ma muna da iyaka

Masu sa kai na ikilisiya da masu jinya a gida su ne suke tare da mara lafiya kullum, amma aikinsu shi ne su ci gaba da abin da aka koya musu. Kada a ja mutum ta hannun da ya shanye, gama kafaɗa takan saki ta bar shi da ciwo mai tsanani. Kada a gasa masa jiki da ruwa mai zafi ƙwarai, gama fatar da ba ta ji sosai takan ƙone bai sani ba. Wanda yake kwance a riƙa juya shi kowace awa 2 don gudun gyambo. Kada kuma tausayi ya sa a yi masa abin da zai iya yi da kansa, ko da zai daɗe yana yi.

Ku sani cewa wata 3 zuwa 6 na farko bayan shanyewar jiki, a cikinsu ne aka fi samun sauƙi, ko da yake ana ci gaba da samu bayan haka. Kada a jira sai bayan girbi.

Idan kun je asibiti, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Wane atisaye za mu yi a gida, sau nawa a rana?
2. Wa zai koya masa wanka da sa tufafi da cin abinci?
3. Akwai O.T. a nan? In babu, ina ne mafi kusa?
4. Me za mu gyara a gida kafin mu dawo?

Rabon ikilisiya

A Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Nijeriya, wadda ta bukaci gine-ginen jama'a su zama da hanyar shigarsu. Bai kamata mu jira doka ta tilasta mu ba. Matasa za su iya yin gangara a ƙofar majami'a. Kafinta zai iya yin kujerar masai idan an ba shi awo. Zumuntar mata za ta iya karɓar mai jinya ta huta, dattawa kuma su duba batun kuɗin mota.

Mun san labarin mutane huɗu da suka ɗauki shanyayye suka kai shi wurin Yesu. Kowannensu ya riƙe nasa gefen. Bari mu ma kowa ya riƙe nasa, har ɗan'uwanmu ya dawo ya zauna tare da mu a sujada. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya. Amin.