Yadda ake gane motar da ambaliya ta ci

Idan ka tara kuɗi domin sayen mota ta hannu, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Da yawa daga cikin motocin nan suna fitowa daga Turai da Amurka, a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome. A cikinsu akwai waɗanda suka kwana cikin ruwa. A nan gida ma, ambaliyar Yamai ta 2020 da ta Maraɗi ta 2024 sun shiga gidaje da hanyoyi. Motar da ruwa ya ci, akan wanke ta, a shanya, a kai ta kasuwa.

Me ya sa take da hatsari? Ruwa yana shiga wayoyin lantarki, tsatsa ta riƙa cin su sannu a hankali. Motar tana iya tashi lafiya yau, bayan wata uku ta mutu maka cikin daji, ko fitilu su ɗauke da dare.

Ana goge inda ido yake gani, amma laka tana zama a lungu. Ka je da rana, ka duba waɗannan wurare:

1. Rufe ƙofofi na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ka shinshina. Warin danshi alama ce. Turare mai yawa ma abin tuhuma ne.
2. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka taɓa. Nemi danshi ko busasshiyar laka.
3. Jawo ɗamarar kujera har ƙarshenta. Ruwa yakan bar tabo a jikinta.
4. Leƙa ƙarƙashin kujeru. Ruwan sama ba ya kai wurin. In ƙarafan sun yi tsatsa, ka yi hattara.
5. Fidda tayar ajiya, ka dubi raminta.
6. Zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi.
7. Kunna fitilu, oda da magogin gilashi ɗaya bayan ɗaya.

Ka tafi da makanikin da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ya gama dubawa. In kuɗin ya yi araha ƙwarai, tambayi dalili. In an hana ka bincike, riƙe kuɗinka ka yi gaba. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.